Makona da Makonsa

Litinin, da safe

Makona ne. Na tarar surukina ya sake ɗaga kujerar, sai da na durƙusa na lalubo ƙarfen da ke ƙarƙashinta na sauke ta kafin ƙafata ta taɓa ƙasa. Tsawo gare shi, ba laifinsa ba ne. Amma duk Litinin da wannan nake buɗe aiki, durƙuso a gindin teburin da na tsufa a kansa.

Tun da kasuwa ta faɗi aka raba mu gida biyu. Rabi su zo wannan mako, rabi su zauna a gida, mako mai zuwa a juya. Rabin aiki, rabin albashi. Mu kwali muke yi, kuma in mutane suka daina sayen kaya, mai kwali ne yake fara sani. A ofishin kula da ma'aikata mu biyu muka rage, ni da mijin 'yata Auta. Ni na kawo shi kamfanin nan tun bai san yadda ake buɗe fayil ba. Yanzu teburinmu ɗaya, kuma ba ma haɗuwa.

Litinin, da yamma

Manaja ya kira ni bayan an dawo daga cin abinci. Ɗana na fari ya girme shi. Ya miƙe ya ba ni wuri, ya tambayi jikin uwar gida, Malam kaza, Malam kaza, duk irin shimfiɗar da ni ma nake yi wa mutane kafin in kai ga maganar. Na bar shi ya gama don in ga ko ya iya. Ya iya.

"Kafin ƙarshen watan gobe mutum ɗaya za a bari a teburinku," in ji shi. "Ban yanke ko wane ne ba tukuna."

Ya ce ya gaya wa ɗayan tun ranar Juma'a. Ashe shekaranjiya da yaron nan ya zo gida ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ni, na tambayi jikin Auta ya ce da sauƙi, da wannan a cikinsa ya zo, da shi ya koma. Ni ma da na shigo uwar gida ta ce ya aiki, na ce da godiya.

Talata, da rana

Sun kashe injin yanka na biyu. Ba lalacewa ya yi ba.

Laraba, da yamma

An sallami wasu yau daga ɓangaren gam. Ni nake raka kowa har bakin ƙofar kamfani, in karɓi katinsa da hular kwanonsa, in ba shi hannu. Ba doka ba ce, haka na saba. Yanzu ba mai son a gan shi yana tafiya kusa da ni. In na sauko daga bene sai hanya ta buɗe, kowa ya tuna yana da abin ɗauka a wani wuri. Baban Inji ne kaɗai, shugaban masu aikin ƙasa, yake iya zolayata. Ya ce in ina nemansa in aiko, kada in zo da ƙafata, matarsa ba ta da ƙarfin zuciya.

Wani tsoho cikin masu gam ya yi mini godiya. Na ce masa aikinsa ya ƙare, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Hannunsa duk ya yi kanta, da na riƙe shi kamar na riƙe busasshen itace. Na yi karatu har ƙetaren teku, na zauna gaban manyan malamai suna koya mini yadda ake raya ma'aikaci. Takardar shaidar tana nan rataye bayan kujera, rana ta cinye hatiminta. Ba wanda ya koya mini abin da ake ce wa mutumin da ya yi godiya.

Juma'a, da yamma

Na kwashe kayana daga kan tebur don in bar masa fili. Tabarau, biro, kofi, maganin ciwon gwiwa. Shi ba ya barin komai sai tsabta. Aikin da nake wuni a kansa da biro, shi kafin shayinsa ya huce ya gama a kwamfuta. Na sani, Manaja ma ya sani. Ni kuma na san wanda uwarsa take kwance, da wanda in ya yi shiru to yunwa ce. Wannan ba ya shiga kwamfuta, kuma bana ba mai sayensa.

Ina son wurin nan. To, na rubuta. Ina so a bar ni. Gidan haya muke ciki, maganin uwar gida ba ya jiran kowa, kuma ba kamfanin da ke neman mai furfura. Dalilai ne masu kyau. Amma ko babu su ma ina so.

Asabar, da hantsi

Ya zo gaisuwa. Ya tsuguna inda ya saba, kansa a ƙasa. Mun yi maganar zafi da tsadar mai.

Litinin, da hantsi

Makonsa ne. Na tashi da wuri kamar mai wajen zuwa, na yi wanka, na zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya. Daga baya na kwance famfon tsakar gida wanda ba abin da ya same shi, na kasa mayarwa. Uwar gida ta tsaya a kaina da bokiti, ta ce ita ma za ta je ta roƙi Manaja ya raba ta da ni, mako da mako, ko rabin albashin ba ta so. Na yi dariya don ta ga na yi.

Laraba, da yamma

Auta ta zo da 'yarta. Cikin ya tsufa, sai ta dafa bango take zama. Yarinyar ta haye jikina tana cewa mijin nan nata ya cika rowa, ba ya kawo mata komai. Na ce ai ke ma mata ce marar girki, ta ja mini gemu.

Sai can na tuna Laraba ce, kuma da rana. Na tambayi abin da ya hana ta makaranta. Auta ta ce mura. Har suka tafi yarinyar ba ta yi atishawa ko ɗaya ba.

Auta ta san komai, dole ta sani. Ta wanke wa uwarta kwanuka, ta gyara mini wuyan riga, ta yi hirar maƙwabta. Sau ɗaya na ɗago na tarar tana kallona, sai ta mai da ido kan tsintsiya. Tun tana ƙarama ba ta roƙona abu kai tsaye, sai dai ta tsaya kusa da shi har in gani.

Alhamis, da rana

Na gani.

Litinin, da safe

Makona. Na riga mai shara zuwa. Na shiga na tarar ya sauke kujerar da kansa daidai ƙafata. Ban ji daɗi ba. Da ma ya bar ta a sama in sami abin jin haushi.

Na fito da tsofaffin fayil na baza a tebur, na bar ƙofa a buɗe don duk mai wucewa zuwa ofishin Manaja ya ga tsoho yana aiki. Da shekaruna nake wannan.

Laraba, da yamma

Na faɗi wata magana yau. Ba na son rubuta ta.

Alhamis, da safe

Ga abin da ya faru. Manaja ya leƙo da wata takarda a hannu, ya ce an sa wa wani direba ranar hutu ba daidai ba a makon jiya. Kuskure ne da ni kaina na sha yi. Amsar da ta kamata ita ce ba komai, yanzu zan gyara. Sai na ji bakina ya ce, "Ai yara ne, suna koyo." Har da murmushi. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ƙwarewa daban ce.

Na san abin da na yi. Na shekara da shekaru ina zaune a ɗakunan da ake yanke wa mutane hukunci, kuma ba a taɓa kayar da mutum da ihu ba. Da irin wannan ake yi, magana ƙarama, cikin tausayi, a bakin ƙofa. Yaron da nake cewa yana koyo shi ne mai ciyar da 'yata.

Juma'a, da yamma

An sake sallamar wasu. Wurin injuna ya yi shiru har ina jin tattabaru a cikin rufi. Da can sai ka kai baki kunnen mutum kafin ya ji ka, yanzu kowa raɗa yake yi. Kwalayen da muka buga wa wani kamfanin sabulu suna nan jibge har rufi da sunansa a jiki, shi kuma kamfanin ya rufe. Baban Inji ya ce a raba wa ma'aikata, in mai gidan haya ya kore su su sami abin kwashe kaya. Ba wanda ya yi dariya sai shi, shi ma bai kai ƙarshenta ba.

Lahadi, da yamma

Na yanke shawara, kuma uwar gida kaɗai na gaya wa.

Ba zan ajiye aiki da kaina ba. Wanda ya ajiye ba shi da haƙƙin sallama, wanda aka sallama yana da shi. Kowane ma'aikacin ofishinmu ya san wannan. Abin da zan yi shi ne in sauƙaƙa wa Manaja zaɓi. Makon nan nasa ne, sai ya yi aikinsa a gan shi. In nawa ya zo ba zan je ba, ba zan aika da uzuri ba, ba zan ɗauki waya ba. Tsohon da ya fara fashi ba dalili, kowane manaja ya san yadda ake yi da shi.

Uwar gida ta ajiye shinkafar da take tsincewa. Sannan ta ce me zai hana in kira yaron in gaya masa, mu zauna kamar mutane. Na ce in na gaya masa ba zai yarda ba, kuma ban ga bakin da zan yi masa maganar da shi ba. Na ce kada Auta ta ji.

"Kai da shi," in ji ta, "ku biyu kun iya gaisuwa."

Ba ta yi maganar magani ba, ba ta yi maganar haya ba. Da ta yi da na sami wanda zan yi wa faɗa.

Talata, da rana

Lambar ofis ta yi ta kira. Ba makona ba ne. Na kashe wayar na sa ta a aljihun tsohuwar kwat.

Alhamis, da yamma

Na zaga har bakin titi na tsaya inda motar ma'aikata take sauke mutane. Ta zo kusan fayau. Direban ya ɗaga mini hannu na yi kamar ban gani ba.

Ba na jin na yi abin kirki. Na zaci zan ji sanyi a raina. Abin da nake ji shi ne haushi: na Manaja, na masu kamfanin da ban taɓa ganin fuskarsu ba, na yaron nan da tsawonsa da kwamfutarsa, har da na Auta da ba ta roƙe ni ba.

Asabar, da hantsi

Bai zo gaisuwa ba. Auta ta aiko wa uwarta cewa gajiya ce. Gara haka.

Litinin, da safe

Makona. Ina gida.

Talata, da yamma

Na san yanzu Manaja ya leƙa ya ga ba kowa. Gobe zai sake leƙawa. Jibi zai daina. Ina lissafa tafiyarsa a kaina kamar ni ne nake yi, domin na sha yi wa wasu.

Uwar gida ta gaya wa maƙwabciya wai gwiwa ce ta kwantar da ni. Ta kawo mini abinci har ɗaki, ta tsaya ta ga na cinye, ta ce wannan gwiwa dai ba ta taɓa ciki ba.

Alhamis, da rana

Ba komai.

Juma'a, da yamma

An gama. Yau da ni ne a can da yanzu ina kwashe tabarau da kofi. Kofin ma yana can. Yaron ya sha shayi a ciki in yana so.

Lahadi, da yamma

Baban Inji ya zo har gida. Bai taɓa zuwa ba. Ya ƙi zama, ya ce Manaja yana neman mu gobe, mu biyu. Na ce ni dai aka ce, ko? Ya ce mu biyu. Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Malam, ku da surukinku wane irin wasa kuke yi? Shi bai zo makonsa ba, ku ba ku zo naku ba."

Na sa ya maimaita. Ya ce tun Litinin ɗin makonsa ba wanda ya ga yaron, an kira wayarsa a kashe, an kira tawa a kashe. Daga baya aka ji wai yana bin motar wani abokinsa suna kai kaya garuruwa.

Bai ajiye aiki ba. Fashi ya yi ba dalili. Ni na koya masa bambancin.

Litinin, da yamma

Mun zauna kafaɗa da kafaɗa gaban Manaja. Tun da ya auri 'yata ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Rana ta ƙona masa wuya, hannunsa duk sawun igiya.

Manaja bai yi faɗa ba. Ya ce mako biyu ofishinmu a rufe, shi da akanta suka riƙa yin abin da ya taso, albashi ya fita, hutu ya tafi, ba inji ɗaya da ya tsaya saboda mu. Ya ce da yana neman wanda zai bari, yanzu na sama sun tambaye shi me ya sa za a bar kowa. An rufe ofishin. Ya ce ba zai rubuta fashin ba, za a sallame mu kamar kowa, saboda mutuncina.

Ban taɓa roƙon kowa a kamfanin nan ba. Yau na roƙa. Na ce laifina ne, ni na yi wauta, yaron nan ya fi ni aiki nesa ba kusa ba, maganar da na faɗa kwanaki ƙarya ce. Na ce a sa shi ko a sito ne, ko a bakin sikeli. Na ce matarsa ta kusa haihuwa, kamar Manaja bai san 'yar wa ce ba. Yaron yana ta cewa, "Baba, ku bari. Baba, don Allah ku bari." Manaja ya dubi agogon hannunsa ba da gangan ba, ya ji kunya, ya rufe shi da ɗaya hannun. Ya ce in da kujera ce ta rage da ya ba shi, amma kujerar ce babu.

A waje yaron ya tayar da babur ya tsaya yana jira, bai dube ni ba. Na hau bayansa. Na riƙe ƙarfen baya, ban riƙe kafaɗarsa ba. Mun wuce kasuwa, mun wuce gada, har ƙofar gida. Da na sauka na ce wa ya ce ka bar mini. Ya kashe babur ɗin, ya ce shi bai ga yadda zai zauna a kujerar da aka tashe ni a kai ba, ya koma gida ya dubi Auta. Na ce to yanzu sai ka je ka dube ta.

Bai kamata in faɗi haka ba. Ya ce, "To, Baba," ya tafi.

Talata, da rana

Uwar gida ba ta ce ai na gaya maka ba. Tana ta share inda ta riga ta share.

Laraba, da yamma

Auta ta zo ita kaɗai. Ba ta shiga wurin uwarta ba, ɗakina ta wuce, ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Na ce ta hau kujera ta ƙi.

Ta ce mijinta ma ya sa ta yi alkawarin kada mu ji. Ta riƙe nasa, uwarta ta riƙe nawa, suna haɗuwa suna hirar kayan haihuwa. Ta ce ta yi kuka a makon da ya fara bin motar, amma ta haƙura, tana cewa ko ba komai Baba zai zauna. Ta faɗi wannan ba ta ɗaga murya ba. Na fara yi mata bayanin haƙƙin sallama, da yadda manajoji suke tunani, da yadda dabarar take da kyau in da mutum ɗaya ne ya yi ta. Ta bar ni har na ji muryata da kaina na yi shiru.

"Ku biyu saboda ni kuka yi," in ji ta. "Da ɗayanku ya buɗe baki ya tambaye ni, da na gaya muku wanda zai zauna."

Na ce wa?

Ta dubi cikinta. Ta miƙo hannu in taimake ta ta tashi, na kama, ta yi nauyi fiye da yadda na zata.

"Baba, ai yanzu ba amfani."

Ban sake tambaya ba. Ina jin na san amsar.